Canon 5D Mark II ta hannu: shin har yanzu za ta ciyar da mai hoto a Jos?

Duk mai hoton da ya fara sana'a da ƙaramar kyamara mai gilashin 18-55, akwai ranar da wani babba a harkar zai ce masa ya nemi "ful firem". Ɗaya daga cikin ƙofofi masu araha na shiga wannan aji na kyamarori masu babbar sensa kuwa, ga mai amfani da kayan Canon, ita ce EOS 5D Mark II ta hannu, ko dai a wajen dillalan kayan lantarki na cikin gari, ko a aiko ta daga Abuja ko Legas. Ta fito ne a ƙarshen 2008, a kan dala 2,699 jikinta kawai ba gilashi. Yau kuɗinta bai kai na wata wayar hannu ba, kuma wannan arahar ce ke sa mutane saye ido rufe.

Hukuncinmu a kanta: ga mai sutudiyo, da mai hoton ɗaurin aure da rana, da ɗalibin da ke son ya koyi sarrafa haske da hannunsa, kyamara ce da ta fi kuɗinta. Ga wanda abincinsa ke wurin dina mai duhu, ko bidiyon biki daga kamu har buɗar kai, za ta ba shi wahala. Dalilan duka biyun suna cikin yadda aka ƙera ta da zamanin da ta fito.

Me ya sa 36 da 24?

Kalmar ful firem gadon zamanin fim ce. Lokacin da George Eastman ya fitar da kyamarar Kodak a 1888, fim ɗin hoto ɗari ne a cikinta, idan ya ƙare sai a mayar da kyamarar kamfani a wanke. A Jamus kuma Oskar Barnack ya ɗauki fim ɗin silima mai faɗin milimita 35, ya kwantar da shi, ya ware wa kowane hoto fili mai tsawon milimita 36 da faɗin 24. Da wannan awon Leica ta shiga kasuwa a 1925. A 1934 Kodak ta saka irin wannan fim a ɗan gwangwanin da ake kira 135, wanda tsofaffin masu hoto suka sani da Yashica da Pentax da Canon AE-1: hoto 24 ko 36 a gwangwani, a ɗauka, a naɗe, a kai wanki.

Duk gilasan waɗannan kyamarori an yi su ne don su cika wannan fili. Da dijital ta zo, ƙera sensa, wato ɗan allon da ke kama haske a madadin fim, mai girman haka yana da tsada ƙwarai, sai kamfanoni suka yi ƙarama. Ta Canon, wadda ke cikin su 600D da 1200D, kusan milimita 22 da 15 ce. Sakamakon haka gilashin 50mm a kansu yana ganin abin da 80mm ke gani a fim, wato a ninka da 1.6. Shi ya sa mai ƙaramar kyamara ke ta ja da baya a falon amarya har ya jingina da bango, ƙawaye ba su shiga duka ba. Sensar 5D Mark II kuwa 36 da 24 ce cif, don haka 50mm ya koma 50mm, 24mm ya ɗauke ɗaki gaba ɗaya.

Ita kanta dijital a gidan Kodak aka haife ta. Injiniyansu Steven Sasson ya haɗa ta farko a 1975: nauyinta ya haura kilo uku da rabi, hoton baƙi da fari ne mai ɗigo dubu goma kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 tana rubuta hoto ɗaya a kaset. Wani ma'aikacinsu, Bryce Bayer, shi ya tsara jeren matatan launi da ake shimfiɗawa a kan sensa, kore biyu, ja ɗaya, shuɗi ɗaya, kuma da shi wannan kyamarar ke aiki. A 1991 suka fitar da kyamarar dijital mai suna DCS a jikin Nikon F3 mai megafiksel 1.3, Nikon ta biyo da D1 a 1999, sannan Canon ta karya farashi da 300D a 2003. Kamfanin da ya ƙirƙiro abin kuma shi ne ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki a Janairun 2012. Wannan kyamarar da muke magana a kai ta faɗo ne a tsakiyar wannan sauyi: jikinta da madubinta da bakin gilashinta na zamanin fim ne, cikinta na dijital.

A hannu

Jikin na ƙarfe ne mai sauƙi, gram 810 ba batir ba gilashi. Idan aka ɗora mata gilashin 24-105 da filash, wuya zai gaya maka kafin la'asar. Ba ta da filash na jiki, ba Wi-Fi, allon bayanta inci uku ne kuma ba ya juyawa. Tagar leƙen ta fi ta ƙananan kyamarori girma da haske nesa ba kusa ba, amma kashi 98 cikin ɗari na hoton take nunawa, saboda haka wani lokaci gefen labulen sutudiyo ko ƙafar fitila kan leƙo a hoton alhali ba ka gan su ba. Tana ɗaukar hoto 3.9 a daƙiƙa, wanda ya ishi biki amma bai ishi ƙwallo ko hawan doki ba.

Batirinta LP-E6 ne, kamfani ya ce yana kaiwa wajen hoto 850 idan da tagar leƙe ake aiki. Wannan na daga cikin alherinta, domin batirin ya yi yawa a kasuwa, kuma ƙannensa LP-E6N da LP-E6NH duk suna shiga. Sai dai jabu ya fi na gaske yawa. Alamar jabu ita ce kyamara ta kasa nuna kason cajin da ya rage, ko ta nuna rabi sannan ta mutu nan take.

Hoton da take bayarwa

Megafiksel 21.1 ne, wato ɗigo 5616 a tsawo da 3744 a faɗi. Idan aka wanke a kan ɗigo 300 a kowane inci, ya kai kusan inci 18 da 12, daidai babban hoton da ake saka wa firem a rataya a falo. Wanda ya ce maka 21 ta yi kaɗan a yau, tambaye shi girman hoton da ya taɓa wanke wa kwastoma. Yawancin aikin biki ma a WhatsApp da Instagram yake ƙarewa, inda ake matse shi ya koma ɗan mitsitsi.

Inda ta yi fice shi ne launin fata. Daga ISO 100 zuwa 800 (ISO shi ne ma'aunin ƙarfin jin haske na sensa, ana ƙara shi a wurin duhu) hoton tas yake, fatar baƙi da ta wankan tarwaɗa suna fita da ɗumi ba tare da an sha wahalar gyara ba, jan lalle ya fita ja, ba ruwan goro ba. A 1600 har yanzu ana sayar da hoton. A 3200 yashi ya fara bayyana a inuwa. 6400 ta larura ce, su 12800 da 25600 kuwa ado ne kawai a jerin lambobi.

Raunin sensar yana cikin inuwa, kuma a nan ne ya kamata wanda ya taso da fim ya sauya tunani. Fim mai launi, irin su Kodak Gold 200, yana da haƙuri da yawan haske: ko an ƙara masa mataki biyu (kowane mataki ninki biyu ne na haske), mai wanki zai ceto hoton. Abin da ba ya yafewa shi ne ƙarancin haske. Dijital akasin haka take ta ɓangaren fari: inda ya ƙone ya ƙone, babu abin da za a dawo da shi. Sabbin kyamarori sun magance wannan ta hanyar barin mai hoto ya rage haske sosai, sannan ya ɗago inuwa a kwamfuta. 5D Mark II ba ta yarda da wannan dabara. Idan ka ɗago inuwarta fiye da mataki biyu, sai ka ga yashi mai launi da siraran layuka a tsaye, musamman a baƙar abaya ko bangon da ba haske. Kenan tana matse ka ta gefe biyu, dole ka daidaita hasken tun a wurin.

Ga inda abin ke cizo a aikinmu: ango baƙi cikin farar shadda mai sheƙi, a ƙofar masallaci bayan Juma'a, rana tsaka. Idan ka bar kyamara ta auna da kanta, farin zai ruɗe ta, ta rage haske, fuska ta yi duhu. Idan ka buɗe don fuska, aikin wuyan babbar riga ya ɓace cikin fari. Abin yi shi ne a ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, a kunna gargaɗin ƙonewa wanda ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa a allo, a sa ISO 100, gudun shota 1/200, ƙofar haske f/11, sannan a cike fuska da filash. Idan shaddar na ƙyaftawa a ƙara tsuke ƙofar da sulusin mataki har ta daina. Akwai kuma saitin kare fari da ke nuna D+ a allo. Yana taimakawa, amma yana mayar da ISO mafi ƙanƙanta 200 kuma yana ƙara yashi a inuwa, don haka a kashe shi da an shiga ɗaki. Mafi sauƙi duka, a roƙi ango ya matsa inuwar rumfa.

Kada a wuce 1/200 da filash na sutudiyo. Shotar labule biyu ce, ɗaya na buɗewa ɗaya na bin sa yana rufewa. Sama da wannan gudun, na biyun ya riga ya taso kafin filash ya tashi, sai baƙin layi ya kwanta a gefen hoton. Da wasu na'urorin tayar da filash masu araha ma sai an sauko 1/160. Mutane da yawa sun kai kyamara wajen gyara a kan wannan, alhali lafiyarta ƙalau.

Fokas: ɗigo ɗaya ne na amana

Wannan shi ne babban aibinta. Ɗigon fokas tara ne a tagar leƙe, da wasu shida na taimako da ba a gani, duk sun taru a tsakiya. Na tsakiyar ne kaɗai ke gane layi a tsaye da a kwance, sauran takwas ɗin gefe ɗaya suke gani. Da rana duk suna aiki. A ɗakin taro mai fitilu masu launi, na gefen sai su yi ta kai da komo, amarya ta wuce ba a kama ta ba.

Masu aiki da ita sun daɗe da sanin magani: a zaɓi ɗigon tsakiya shi kaɗai, a ɗora shi a idon mutum, a danna rabi, a gyara tsayuwar hoton, a ƙarasa dannawa. Amma dabarar na da iyaka. A f/1.8 kuma kusa da fuska, kaurin wurin da ke fita tsaf bai wuce 'yan santimita ba, ɗan juyin da ka yi ya isa ya mayar da fokas kan kunne ko ɗaurin kallabi. A irin wannan a tsuke zuwa f/2.8. A wurin duhu kuma a ɗora filash mai jan hasken taimako, ko da ba za a harba shi ba, domin jan zanen da yake watsawa ne ke ba ɗigon abin kamawa.

Idan kullum fokas na faɗawa gaba ko bayan inda aka sa shi da wani gilashi, akwai wurin gyara a cikin saituna, mataki ashirin gaba, ashirin baya, kuma tana tuna gyaran kowane gilashi daban. A kafa ta a kan ƙafa uku, a jingina ruler a karkace kusa da kwalin ashana, a yi fokas a kwalin, a duba inda lambobin ruler suka fi fita.

Bidiyo

Sunan da ta yi a duniya a nan ta yi shi. Nikon D90 ta riga ta da 'yan makonni wajen saka bidiyo a irin wannan kyamara, amma mai layuka 720 ne. Ita ce ta fara kawo 1080 a kan babbar sensa, bayan mutum ya narke kamar a silima, da kuɗin da ƙaramin furodusa zai iya biya. Jos, garin da ke da Hukumar Fina-finai ta Najeriya da makarantar koyon fim ta ƙasa, ga kuma masu shirya fim ɗin Hausa, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayanin abin da wannan ya jawo.

Amma abin da ya burge a 2009 ba shi ne ma'aunin yau ba. Fayil ɗaya ba ya wuce gigabait huɗu, kusan minti 12, sai ta tsaya, kuma ba ta ci gaba da kanta. Wa'azin walima ko jawabin uban taro zai yanke a tsakiya. Ba ta bin fokas yayin ɗauka, da hannu ake juyawa. Ba ta da ramin abin sauraro, don haka ba ka jin sautin da ke shiga. Idan aka haɗa ta da allon waje, ingancin abin da yake nunawa na faɗuwa da zarar an danna ɗauka. In aka juya ta da sauri, turakun rumfa sai su karkace kamar za su faɗi.

Sai matsalar da ta fi shafar kayanmu. Don ta samar da bidiyo daga sensa mai ɗigo miliyan 21, tana tsallake layuka ne. Duk abu mai ƙananan zane a jere, kamar saƙi, da hular zanna, da leshi mai ƙananan ramuka, da rufin kwano daga nesa, sai ya riƙa rawa da wasu launuka da babu su a zahiri. Ba a iya cire wannan da kyau a wajen tacewa. Ana rage shi ne ta hanyar sauke kaifin hoto zuwa ƙasa a saitin launi, da matsawa kusa ko nesa har rawar ta lafa.

Wanda duk da haka zai yi bidiyo da ita, ya fara duba lambar manhajar cikinta. Ta farko firem 30 a daƙiƙa kaɗai take yi kuma ba ta barin a sarrafa haske da hannu. Gyaran 2009 ya kawo sarrafa haske, na 2010 ya kawo firem 24 da 25 da daidaita ƙarar sauti. Ta ƙarshe ita ce 2.1.2. A sa tsarin bidiyo a PAL, firem 25, shota 1/50, domin wutarmu mai bugu 50 ce a daƙiƙa. Wanda ya bar ta a 30 da 1/60, kamar yadda kyamarorin Amurka ke zuwa, zai ga hasken fitila na kaɗawa a bidiyon. Idan wutar janareto ce mai hawa da sauka, ko 1/50 ba ta cika tsayar da kaɗawar ba.

Gilashi, inda dukiyar take

Canon ta sauya bakin gilashinta a 1987, ta bar FD ta koma EF, inda jiki da gilashi ke magana ta ƙananan ƙarafan lantarki. Wannan na nufin abu uku ga mai saye. Gilashin tsohuwar AE-1 da ke cikin akwatin baba ba zai hau ba, kuma zoben haɗi mai ƙarin gilashi a ciki yana lalata hoton, bai cancanci kuɗinsa ba. Na biyu, gilashin EF-S na ƙananan kyamarori, har da 18-55 ɗin da ka saba da shi, ba ya hawa, an hana shi ne don gindinsa zai iya karo da babban madubin. A duba alama: jan ɗigo EF ne, farin murabba'i EF-S ne. Mutum ya sayar da ƙaramar kyamararsa ya riƙe gilashin, ya sayo 5D, ya dawo gida ya ga ba abin ɗorawa, wannan ya faru da mutane ba adadi.

Na uku shi ne daɗin abin. Gilashin EF ɗaya zai yi aiki a kyamarar fim ta EOS, ya yi a wannan, ya kuma yi a sabbin marasa madubi na jerin R, waɗanda suka fara fitowa a 2018, ta hanyar zoben haɗi, fokas da komai. Jiki na tsufa ya mutu, gilashi na nan. Don haka idan kuɗi bai kai ba, gara a sayi jiki mai araha a zuba sauran a gilashi.

Na farawa shi ne 50mm f/1.8 STM, mai gindin ƙarfe, ya fi wanda ya gabace shi mai gindin roba ƙwari da natsuwar fokas. Don hoton amarya ita kaɗai, 85mm f/1.8 yana da wuyar kayarwa a kuɗinsa. 24-105mm f/4 shi ne na yini guda ba sauyi, amma tsofaffinsa na da sananniyar cuta: siririyar wayar da ke sarrafa ƙofar haske kan tsinke a ciki, sai kyamara ta nuna Err 01 idan an zuƙo kuma an tsuke ƙofar. A gwada shi a 24 da 50 da 105, kowanne a f/4 da f/16, kafin a biya.

Kafin ka miƙa kuɗi

Kada a yi cinikin biri a sama. Kyamarar da ta haura shekara goma tana aiki, hoton jikinta a waya ba ya gaya maka komai. Ka je da katinka, da gilashin da ka yarda da shi, da kwamfuta in da hali.

Fara da adadin harbin shota. Kamfani ya auna ta a kan 150,000. Wasu na wucewa nesa, wasu ba sa kaiwa, amma wadda ta yi aikin biki shekaru tana iya haura wannan. Ba a ganin adadin a cikin saituna, kuma lambar da ke jikin sunan hoto ba ita ba ce, domin tana komawa farko bayan 9999, ana kuma iya mayar da ita da hannu. Sai an haɗa kyamarar da kwamfuta da manhajar karanta adadin, ko a duba ta Magic Lantern, manhajar sa-kai da aka fara rubutawa saboda wannan kyamarar. Dillalin da ya nuna maka IMG_0300 ya ce sabuwa ce fil, ko bai sani ba ko yana so kada ka sani. Goge-gogen gindi, da santsin robar riƙo, da gogewar rubutun maɓallai sun fi bakinsa gaskiya.

Sannan ka buɗe ramin kati ka haska da fitilar waya. Katin ajiyar hoto irin CF take ci, wanda ya fi SD girma, kuma a can ciki akwai siraran allurai hamsin a jere biyu. Idan ɗaya ta lanƙwashe ko ta nutse, za ka ga Err 02, wani lokaci ma ta haɗa wuta ta ƙona allon cikin. Abin da ke lanƙwasa su shi ne tura kati a karkace ko da ƙarfi, da kuma gidan kati mai araha da ake zura SD a ciki don gudun tsadar CF. Hoton RAW ɗaya kusan megabait 25 ne, katin gigabait 16 zai ɗauki wajen 600. Katuna biyu ko uku matsakaita sun fi babba guda ɗaya, domin rami ɗaya ne, ba ta ajiye kwafi na biyu. Idan kati ya lalace da hotunan ɗaurin aure, ba a sake ɗaurawa.

Ka fita waje ka ɗauki sararin sama a 1/8000 da 1/4000. Idan gefe ɗaya ya fi duhu ko wani layi ya ratsa, labulen shota ya fara gajiya, Err 30 na tafe. Err 20 kuma na nuna matsalar injin madubi ne ko makamancinsa. Ka sake ɗaukar sama ko farin bango a f/22 ba tare da fokas ba, ka zuƙo hoton: baƙaƙen ɗigo ƙura ce, ana sharewa, amma dogon layi siriri karce ne daga wanda ya goge sensa da abin da bai dace ba. Ka rufe gilashi da murfi, ka ɗauki daƙiƙa goma a ISO 800: 'yan ɗigo ja ko shuɗi ba komai, layi guda daga sama har ƙasa kuwa a bar ta. Ka juya babban faifan baya da na sama, kowane taku ya sauya lamba ɗaya. Ka tura ɗan sandan zaɓe ta kowace fuska. Ka ɗora filash ka harba. Idan tana mantuwar kwanan wata duk lokacin da aka cire batir, wannan ƙaramin abu ne: akwai ɗan batir CR1616 a gefe, a ƙarƙashin ƙaramin noti, a sauya shi.

An daina ƙera ta bayan fitowar Mark III a 2012, saboda haka kayan gyaranta yawanci daga jikin wata matacciya ake cirowa. Idan kuɗin sauya shota ya kusa rabin kuɗin wata kyamarar, lissafin ya fito da kansa.

Damina da hunturun Jos

Garin na da yanayi biyu da kowanne ke cin kyamara ta hanyarsa. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ne da laima, Yuli da Agusta ma bango kansa na jiƙa. Gilashin da aka bari cikin jakar fata a ƙasan gado zai yi fumfuna, wasu siraran zare kamar yanar gizo a cikin gilashin, waɗanda idan suka daɗe suna cinye rufin da ke kansa. A haska fitila ta bayan duk gilashin da za a saya a duba. A gida kuma a ajiye kaya a roba mai murfi mai kamawa, da ƙullin ƙwayoyin tsotse laima, irin waɗanda ke zuwa a kwalin takalmi amma da yawa, a riƙa shanya su ko ɗumama su idan sun jiƙa. Jikin kyamarar na jure yayyafi, ba ya jure ruwan Agusta, kuma 50mm da 85mm ɗin da aka ambata ba su da robar tare ruwa ko kaɗan.

Da hunturu kuma ƙura ce. Tana da abin karkaɗe sensa duk lokacin da aka kunna ko aka kashe, amma bai fi ƙarfin ƙurar Disamba ba. A kashe ta kafin sauya gilashi, a kifa bakinta ƙasa, a yi a cikin mota ko ɗaki. A yi amfani da famfon roba na hura iska, kada a hura da baki, kada a saka auduga ko gefen riga. Sanyin asuba kuma na rage ƙarfin batir, wanda zai je ɗaukar fitowar rana a duwatsun Shere ko Riyom ya sa na biyun a aljihun ciki, kusa da jiki.

Ita ko wata?

A kusan kuɗi ɗaya akwai Canon 6D ta 2012. Megafiksel 20.2, katin SD mai araha, Wi-Fi, ta fi sauƙi a wuya, ɗigon tsakiyarta na gani a duhun da 5D Mark II ta makance, kuma ISO 6400 ɗinta abin sayarwa ne. Abin da ta rasa shi ne shotarta na tsayawa a 1/4000, filash a 1/180, an kuma auna ta a harbi 100,000. Ga mai aikin dina da kamu na dare, 6D ta fi, ba gardama. Wanda zai iya ƙara kuɗi ya nemi 5D Mark III: ɗigon fokas 61, ramin kati biyu, ramin abin sauraro, wato kusan duk abin da aka yi kuka da shi a sama an gyara. A ɓangaren Nikon, D700 sa'arta ce, fokas ɗinta mai ɗigo 51 ya fi nata nesa, amma megafiksel 12 ce kuma ba ta bidiyo sam.

Inda 5D Mark II ke riƙe da matsayinta shi ne ɗakin sutudiyo: fitilu biyu, ISO 100, f/8, 1/160, mutum a tsaye ko a zaune ba ya gudu. A nan raunin fokas da na inuwa duk ba sa tasowa, kuma tana da ramin wayar filash na tsohon yayi a gefe, wanda 6D ba ta da shi, don haka ko na'urar tayar da filash ta mutu ana iya jona waya a ci gaba da aiki. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, amma a ɗanɗana kafin a saya: a nemi dillali ya yarda da kwana biyu ko uku na gwaji a rubuce a kan rasit, a yi harbi ɗari biyu ko uku a cikinsu, a buɗe hotunan a babban allo, ba a bayan kyamara ba.